Sawun da Ya Tsiro

Ruwan shuka ya sauka a Garin Maje ranar Talata, bayan an yi wata guda ana kallon gabas ana komawa gida da haƙuri. Washegari tun kafin rana ta fito gari ya watse gona, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoƙunan iri. Waɗanda suka bi hanyar arewa su ne suka tarar da Abdulgani kwance rigingine a bakin gonarsa, an rufe masa fuska da malfarsa. Jikinsa ya riga ya sandare, kuma akwai rauni a ƙeyarsa.

Matarsa Hafsat ba ta damu da rashin dawowarsa ba, don ta ɗauka ruwa ne ya tsare shi ya kwana a bukkar gona, kamar yadda yakan yi in aiki ya matsa. Da labari ya iske ta a bakin rijiya, sai ta sauke tulunta a hankali ta zauna a ƙasa.

Kafin hantsi suna ɗaya ne a bakin kowa, Ila. Makiyayi ne daga wajen Tarka, yakan ratsa ta nan kowace shekara da awakinsa zai yi arewa kafin gonaki su rufe hanya. Bara awakin sun shiga waken Abdulgani, aka yi cacar baki har gaban maigari. Wata tsohuwa, Tabawa, ta ce jiya da yamma ta hango shi durƙushe daidai inda aka tsinci gawar. Samari suka bi shi suka kamo shi a wata rijiya. Maigari Garba ya karɓe shi daga hannunsu da ƙyar, ya kulle shi a zaurensa, ya zauna a bakin ƙofa da kansa har hukuma ta zo.

* * *

Motar jandarma ta iso daga Tanut da azahar, komanda da likita a gaba, a baya kuma wani dattijo siriri riƙe da karan dawa. Mailafiya ke nan, mai bin sawu. Mutumin Falanko ne, ya tashi a bayan raƙuman ubansa, kuma shekara talatin ke nan duk wanda aka sace wa raƙumi ko sa tsakanin Ollelewa da Balbeji ƙofarsa yake fara bugawa. Idonsa ya fara gajiya. Abin da a da yake gani a tsaye, yanzu sai ya tsuguna.

Kewayen gawar duk an tattake. Bai yi faɗa ba, roƙo ɗaya ya yi, a ɗaga mamacin a hankali. Da aka ɗaga, sai ga yashi fari busasshe da siffar mutum, alhali ko'ina a kewaye akwai laima. Ya gaya wa komanda cewa mutumin nan ya faɗi ne kafin ruwa ya sauko. Komanda ya rubuta.

Sannan ya yi nisa da inda jama'a suka tsaya, ya dinga kewayawa yana auna ƙasa da karansa, har ya samu sawun Ila. Takalmin taya ne, dugadugin hagu ya cinye. Ya fito daga gabas da awaki kamar arba'in, ya tsaya wajen gawar, ga gurbin gwiwoyinsa biyu, daga nan ya yi arewa da dogon taku irin na mai tsoro. Duk sawun nan a kan ruwa yake. Babu ɗigo ɗaya da ya faɗa cikinsa, kashin awakin ma ruwa bai doke shi ba. Duk wanda kuwa ya taka wurin kafin ruwa, ruwa ya tafi da labarinsa.

* * *

Bayan an yi jana'iza, Mailafiya ya sauka a gidan maigari ya fara bin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Tabawa ta haura saba'in, amma bakinta ba ya rawa. Ta ce akuyarta ce ta ɓace cikin iska, ta fita nemanta, rana da saura kafin magariba. Daga kan tudu ta hango Ila durƙushe a gonar Abdulgani, awakinsa tsaye kewaye da shi. Ba ta ga duka ba, ba ta ji ihu ba, kuma ba za ta ce ta gani ba don faranta wa kowa rai.

Mailafiya ya ce, "Iya, da kika hango shi, me ke bayansa a sama?"

Ta ce, "Bakan gizo. Har na ce a raina ga shi ya zo zai shanye mana sauran ruwan."

Shaida na biyu shi ne Habibu, ƙanen mamacin uwa ɗaya uba ɗaya. Mailafiya ya same shi a tabarmar makoki, idanunsa jajur. Gonarsa na yamma da ta wansa, wata saura mai faɗi da aka daina nomawa ce ta raba su. Ya ce yana cikin gonarsa hadari bai riga ya iso ba, ya hango Ila da wansa suna sa-in-sa, ya ga an ɗaga sanda. Daga nan iska ta taso ya gudu gida.

Mailafiya ya yi masa ta'aziyya, sannan ya tambaye shi, da ya ga an ɗaga wa wansa sanda, me ya hana shi zuwa.

Habibu ya rufe fuska da hannun rigarsa. "Baba, wannan tambayar ce ke hana ni cin abinci."

Mutanen da ke zaune suka harari mai bin sawun, ya tashi ya ba su wuri.

* * *

Ranar Alhamis ya bi motar kasuwa zuwa Tanut, aka bar shi ya ga Ila a kaso, inda jandarma suka kulle shi. Saurayi ne dogo, leɓensa a kumbure tun dukan da ya sha a bakin rijiya. Bai musa komai ba. Ya ce ruwa ya kama shi a daji, ya fake da awakinsa a gindin wani gawo shi kaɗai. Da aka ɗauke ya kora su, hanya ta biyo da shi ta bakin gonar, ya ga mutum kwance ƙudaje na bin idonsa. Ya durƙusa ya taɓa shi ya ji sanyi, ya karanta abin da ya iya, ya ɗauko malfar daga gindin ƙaya ya rufe masa fuska.

"To don me ba ka shiga gari ka faɗa ba?"

"Baba, ni baƙo ne, kuma kowa ya san mun yi faɗa bara. In baƙo ya tsinci gawa, shi ma gawa ne."

Alƙali mai binciken shari'ar matashi ne mai yawan sauraro. Ya ba Mailafiya kujera, ya jawo wata takarda da ya nemo daga ma'aikatar auna yanayi ta Tanut, ya fassara masa ita da Hausa. Ranar Talata ruwa ya fara sauka ƙarfe shida da kwata na yamma. Ila da bakinsa ya ce ya iso gonar wajen ƙarfe biyar, Tabawa ma ta ce rana da saura. Ke nan a takarda Ila yana wurin tun kafin ruwa. Ƙanen mamacin ya ce ya ga an ɗaga sanda kafin ruwa. Shi kuma Mailafiya shi ne ya tabbatar an kashe mutumin kafin ruwa.

Mailafiya ya ga maganarsa ce za ta zama igiyar ɗaure wanda yake ganin ba shi da laifi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan ba ta yi ƙarya ba, amma gaskiyar Tanut ta faɗa. A nan ƙasar Damargu ruwa kan jiƙa gonar wa ya tsallake ta ƙane."

Alƙali ya ce ya san da haka, amma shi ma mai bin sawu shaida ne kamar kowa, kuma sawun da yake magana a kai iska ta riga ta fara shafe shi. Ko da ma an yarda Ila ya zo bayan ruwa, me zai hana a ce ya yi duka tun farko ya koma ya fake, sannan ya dawo ya duba? Ya ce ranar Lahadi zai zo wurin da kansa. In akwai wani abu, a tanadar masa.

* * *

A harabar lakwal, wato makarantar Garin Maje, akwai wani gwangwani mai awon ruwan sama a kan ƙarfe, wanda malaman gona suka kafa. Shugabar makarantar, Malama Zuhaira, ita ke dubawa tana rubutawa a wani littafi mai baƙin bango. Da Mailafiya ya je, ta buɗe masa shafin Talata ta karanta. Ƙarfe uku da minti goma jar ƙura ta taso daga gabas. Huɗu saura kwata ruwa ya sauko, ya ɗauke huɗu da rabi, milimita ashirin da bakwai. Ya tambaye ta yadda ƙurar take. Ta nuna masa sandar tuta, wadda ba ta fi taku talatin daga ƙofar aji ba, ta ce tun da ƙurar ta taso ba ta iya ganinta, har sai da ruwa ya wanke sama.

Daga can ya auna tsakanin gonar Habibu da inda gawa ta kwanta. Taku ɗari biyar da 'yan kai. Ya daɗe tsaye a gonar Habibu. Kowa a garin ya yi shuka cikin laimar nan, har masu makoki sun samu an taya su, amma wannan gonar ko rami ɗaya ba a sara ba.

Da la'asar ya nemi izini ya gaida Hafsat daga bayan zana, tunda tana takaba. Ya tambaye ta abin da mijinta ya fita da shi ranar. Ta ce sungumi, da gorar ruwa, da buhun iri. Ya ga hadari na haɗuwa ne ya ce bari ya je ya yi binne kafin ruwa ya sauko. An dawo mata da sungumi da gora. Buhun dai ba ta gan shi ba, kuma ba ta tambaya ba, don ta ji kunyar a ce mijinta na kwance ita tana cigiyar gero. Ta ce tsohon buhu ne, gindinsa ita ta ɗinke shi har sau biyu.

Jandarma sun bincike kayan Ila tun ranar farko. Ba gero a ciki.

* * *

Ranar Asabar da sassafe Mailafiya ya koma gonar, lokacin da rana ke kwance tana ba kowane ƙaramin abu inuwa. Layukan da Abdulgani ya samu ya binne sun fito, tsiro kamar allura. Ya tsuguna kusa da wani kututturen aduwa, taku biyu daga inda kan mamacin yake, sai ya ga tsiro ya fito cunkus wuri ɗaya, ba a rami ba. Gaba kaɗan ga wani. Ya ɗora kumatunsa kusa da ƙasa ya duba yamma. Wani siririn zare ne kore ya fita daga gonar ya shiga saurar da ba mai nomawa, wani wuri ya yanke taku uku ko huɗu, ya sake ɓullowa.

Ya bi shi a hankali. Inda mai buhun ya yi gudu tsiron ya yi nisa da juna, inda ya tsaya ya juya, watakila ya waiwaya, tsiron ya taru ya yi da'ira. Da ya kai ƙarshe, Mailafiya ya zauna a ƙasa ya yi salati. Ya fi son a ce ɓarawon raƙumi yake bi. Ya koma ya roƙi maigari a hana dabba shiga saurar har gobe, bai gaya masa dalili ba.

* * *

Alƙali ya iso Lahadi da hantsi, da komanda, da Ila a bayan mota. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar aduwa a bakin gonar. Maigari ya zo da Tabawa da Habibu da Malama Zuhaira, rabin gari kuma ya tsaya daga nesa.

Alƙali ya ajiye takardar Tanut a hannun dama, littafin Malama a hagu. Ya sa Tabawa ta maimaita maganarta, ta maimaita ba ƙari ba ragi. Ya ce bakan gizo ba ya fita kafin ruwa, saboda haka maganar tsohuwa ta yi daidai da littafin lakwal, ta kuma yi daidai da sawun da Mailafiya ya karanta. Takardar Tanut ta auna wani hadari ne daban, mai nisan kilomita arba'in daga nan. Ya naɗe ta ya sa a jaka.

Sannan ya juya ga Habibu ya tambaye shi, ba da tsawa ba, yadda ya ga sanda daga taku ɗari biyar a lokacin da Malama ba ta ganin tuta daga taku talatin. Habibu ya ce watakila tun kafin ƙurar ce. Alƙali ya ce mai yiwuwa ne, ya dubi Mailafiya.

Mailafiya ya miƙe ya ce a biyo shi, amma kowa ya taka inda ya taka. Ya nuna musu tarin tsiron da ke gindin kututture, ya ce nan aka ja buhu ɗinkin gindinsa ya ɓalle. Wanda ya ɗauka ya gudu da shi yana zuba, ruwa ya zo ya shafe sawunsa, ya kuma binne geron da ya zube. Suka bi zaren kore, alƙali na ɗage ƙafar wandonsa, jama'a na biye. Zaren ya ratsa saura ya shiga gonar Habibu wadda ba a shuka ba, ya tsaya a gindin wata sabara, inda wani ƙullin tsiro ya fito kamar gashin kai. Komanda ya sa hannu ya tona. Buhu ne, iri ya tsiro ta kowace ƙofar saƙarsa.

Habibu bai jira a tambaye shi ba. Ya durƙusa a yashi ya yi magana kansa a ƙasa. Bara gonarsa ba ta ba da komai ba. Wansa ya ba shi iri tun da rani ya ce ya adana, amma da bazara ta yi tsanani, yara biyar suna kuka, ya ce wa matarsa Raishatu ta daka. Sau biyu ya je wajen wansa ya kasa faɗa. Ranar Talata da ya ga hadari, ya san in laimar nan ta wuce shi shekara ta wuce shi, sai ya je ya faɗi gaskiya. Abdulgani ya fusata, ya ce wanda ya ci irinsa ya ci 'ya'yansa, ya jira sai shi ya gama tasa shukar. Habibu ya kama buhun, wansa ya kama, suka ja. Ya sake ja da ƙarfi, buhun ya kuɓuce wa Abdulgani, ya tafi da baya ya faɗa kan kututture.

"Na kira shi, Yaya, Yaya, bai amsa ba. Ƙura ta rufe mu. Ban san na gudu da buhun ba sai da na gan shi a hannuna." Ya share fuska. "Na zo in shuka washegari, hannuna ya ƙi. Da na ji kowa na cewa Ila, sai na ce Ila."

Tabawa ce kawai ta ja jiki ta je inda Ila yake tsaye, ta ce masa ita abin da ta gani ta faɗa, ba ta san zai kai shi kaso ba. Ya ce ya sani. Alƙali ya sa aka cire masa ankwa a nan take.

* * *

An yi shari'ar a Damagaram bayan kaka. Aka karanta littafin Malama Zuhaira, aka nuna hotunan tsiron da komanda ya ɗauka da wayarsa, Mailafiya ya tsaya ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa, tafinta na juyawa da Faransanci. Hafsat ta ba da shaida ita ma. Ta ce mijinta mai zafin baki ne amma ba mai rowa ba, don da safen ranar ya auna mudu huɗu ya ajiye a ɗaki ya ce na Habibu ne, sai dai yana so ya ɗan ji jiki tukuna. Da Habibu ya ji haka, sai ya rufe fuska da hannun rigarsa.

Kotu ta yarda bai yi niyyar kisa ba, amma ta ɗora masa nauyin shaidar zur da ya yi wa wanda bai ji ba bai gani ba. Aka yanke masa shekara biyar.

Kafin a fita da shi ya roƙi a bar shi ya yi wa Ila magana. Ila ya zo ne daga Tarka a matsayin shaida, yana zaune kusa da Mailafiya a bencin baya. Habibu ya ce ya yafe masa don Allah.

Ila ya dube shi. Awakinsa tara sun ɓata a kwanakin da yake tsare, haƙorinsa ɗaya kuma ya tafi a bakin rijiya. Ya ce, "Nawa na yafe. Na wanka ba a hannuna yake ba."

Habibu ya juya yana neman Hafsat da ido, amma ta riga ta fita. Mailafiya ya tarar da ita a tasha, zaune a kan dakali ita da Raishatu. Jaririn Raishatu ya fara kuka, uwar ta kwance goyon. Hafsat ta miƙa hannu ta karɓe shi, ta ɗora a kafaɗa tana jijjigawa har aka kira fasinjojin Tanut.